Asusunmu Mai Ƙaho

Na daɗe ina riƙe da muƙamin mai binciken dukiya a ƙungiyarmu, kuma a mafi yawan shekarun nan aikin bai wuce in fito gaban jama'a in mintsini wani bijimi a kwiɓi ba. In na ba baƙi labarin sai su ɗauka raha nake yi. Mutanen Madarumfa kuwa ba sa dariya, don har yau akwai waɗanda ba sa amsa gaisuwata a kan maganar bijimin nan.

Ƙungiyar ƙarama ce, ta taimakon masu ciwon daji, wanda likitoci ke kira kansa. Gwaggona ce ta kafa ta, ƙanwar mahaifina, mai tuyar ƙosai a bakin hanyar tabki, bayan ciwon ya kama mijinta a maƙogwaro. An ce a kai shi Yamai, dangi suka shiga haɗa kuɗin mota, kafin su haɗu ko ruwa ba ya wuce masa. Da ta fita takaba sai ta bi gida-gida tana cewa ita ba ta iya saya wa kowa magani, amma kada a sake barin mutum ya mutu don rashin kuɗin tafiya. Iyakar manufarmu ke nan: mu kai mara lafiya Maraɗi, in Maraɗi ta ce gaba, mu kai shi Yamai da ɗan guzurinsa da mai jinyarsa.

Asusunmu na farko gwangwanin madara ne, yana ƙarƙashin keken ɗinkin ma'ajinmu, wani tela mai sanyin hali. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci kowa ya jefa abin da ya samu. Aibin telan ɗaya ne, bakinsa bai iya a'a ba. A garinmu kuwa in aka san kuɗi na kwana a ɗakinka, duk wanda matarsa ta haihu ko jakinsa ya mutu ƙofarka zai fara yi wa sallama, kuma ba a korar mai sallama. Ranar da aka naɗa ni mai bincike, don ni mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, kuma ina sa tabarau, na girgiza gwangwanin na ji shiru. Tela ya ce duk mutanen kirki ne suka ranta, rabinsu ma ƴan ƙungiya. Duk da haka a wancan zamanin muna kai mutane. In mara lafiya ya zo, Gwaggo ta yafa gyale ta bi mutanen kirkin nan tana yi musu tijara har a sami na mota.

Shugabanmu wani alhaji ne mai canjin kuɗi a Ɗan Issa, mutum mai son ya ga abu da yawa. Shi ya kawo shawarar a mai da sefarmu naira, wai ta fi auki, kuma mai neman rance zai ji ƙyuyar zuwa canji. Muka ga ɗan abin da ke gwangwani ya cika jaka, muka yi ta murna kamar mun ci gado. Jakar nan ba ta taɓa raguwa ba, ni shaida ne, kullum nauyinta ɗaya. Naira ce dai ta yi ta faɗuwa can a ƙasarta ba tare da ta shawarce mu ba. Da muka tashi kai wani masunci mai kumburi a wuya, aka mai da jakar sefa, sai ga shi abin da ke ciki da ƙyar zai wuce da shi Safo, nan kusa da mu.

Ranar Gwaggo ta yi faɗa har muryarta ta dushe. Ta ce daga yau dukiyar ƙungiya ta zama abin da ba a rantar ɓarinsa, ba a kai shi canji, kuma in ya rame kowa ya gani da idonsa. Da kaka ta yi, kowa ya ba da damin gero ko tiyar wake, aka sayar, aka sayo ɗan maraƙi fari mai baƙin kunne, aka kafa masa turke a gidanta. Ba a yi masa taron suna ba, amma kafin a jima duk gari Asusu ake ce masa.

Gaskiya da farko dabarar ta ba ni kunya, don ta yi kyau fiye da yadda na zata. Mutumin da ba a taɓa ganin dalarsa a gwangwani ba sai ga shi da ƙunshin harawa a ka. Mata suka riƙa aiko dusa da ruwan tsari, masu lambu suna kawo ganyen kabeji da ragowar salati, masunta suna yanko masa ɗanyar ciyawar bakin tabki. Na gane cewa mutanenmu ba rowa gare su ba, so suke su ga sadakarsu tana tauna. Maraƙi ya zama bijimi, tozo ya tashi har ya kwanta gefe guda. Gwaggo ke wanke shi, ita ke cire masa kaska, kuma tana yi masa hira da safe kafin ta ɗora kasko. Ni ɗan wanta ban taɓa samun irin wannan lallashin a wurinta ba.

Taronmu na shekara shi ma ya sake kama. Da can tela ne ke tashi yana inda-inda, jama'a na hamma. Yanzu kuwa sai a shimfiɗa tabarmi a gindin bedi, shugaba ya buɗe taro da addu'a, ya ce a gabatar da dukiya. Sai Gwaggo ta shigo da Asusu a igiya, ta zagaya da shi a hankali. Daga nan a kira mai bincike. In gyara tabarau, in zagaya shi, in leƙa haƙoransa daga nesa don ina tsoron ƙaho, in mintsini kwiɓinsa, in juyo in ce dukiyar ƙungiya lafiya lau. A yi tafi, mata su yi guɗa. Wata shekara Asusu yana tsakiyar fili ya saki kashi, shugaba ya ce a lura, wannan ma taki ne, riba ce. Wani manomi ya saye shi nan take.

Abin da ba mu hango ba shi ne, asusun da ba a iya ranta daga cikinsa, ba a kuma iya cire wa mara lafiya daga cikinsa. Duk wanda ya zo neman kuɗin mota, shugaba ya karɓe shi hannu biyu, ya ce ya yi haƙuri, ba a yankar kunnen dabba a sayar, a jira ya ƙara ƙiba a sayar gaba ɗaya. To yaushe ne lokacin? Da damina aka ce yanzu yake ɗaukar jiki, wauta ce a taɓa shi. Da rani aka ce ya ɗan faɗa, sayarwa hasara ce. Kafin Layya aka ce a jira kasuwa ta ƙara zafi, bayan Layya aka ce kasuwa ta mutu. Kowane wata ya zo da hujjarsa, kuma in ka saurare ta ita kaɗai sai ka ji gaskiya ce. Ɗan abin da ake jefawa ranar Juma'a kuma ya koma sayen kanwa da gishiri da igiya da gyaran rumfar Asusu.

Wasu baƙi suka taɓa zuwa cikin farar mota, daga wani aikin agaji, suka ji labarinmu suka yaba ƙwarai. Suka ɗauki hoto da shugaba, suka ɗauka da bijimi, suka tafi suka aiko mana da tanti sabo fil. Aka rufa wa Asusu don kada raɓa ta dame shi.

Masu ciwon kuwa, tunda ba abin ba su, sai aka riƙa kai su gidan Gwaggo su ga dukiyarsu, wai don hankalinsu ya kwanta. Na tuna wata mata daga wani ƙauye, mai gyambon da ya ƙi warkewa a ƙafa. Ta zauna a kan turmi ta daɗe tana kallonsa yana tuƙa, sannan ta tambaya a hankali ko shafa shi ake yi. Ba wanda ya iya ce mata a'a. Ta shafi tozonsa ta shafa a ƙafarta, ta yi godiya, ta hau amalanken da ya kawo ta. Daga ranar aka fara zuwa shafa. Ni kuwa ranar na koma gida na kasa cin tuwo, don haushi da kunya. Na yi magana a taro, aka ce mushe ya cika gaggawa, irin ta masu albashi.

Ana nan sai na lura Gwaggo ta daina ɗaukar bokitin dusa da hannun dama. Na tambaye ta, ta ce sanyi ne. Matata ce ta gaya mini gaskiya: tun kakar bara ta ji ƙullutu a nononta, ta ɓoye, yanzu ya kai har hammata. Ma'aikaciyar asibitin garinmu ta duba ta ta ce maza ta tafi Maraɗi. Maraɗi ba nisa, ko a kabu-kabu ana zuwa. Amma Gwaggo ta ce me za ta je yi, tunda ta san Yamai za su ce, ita kuma ta san abin da Yamai take ci. Na ce ai ga Asusu, don irin wannan ranar aka ɗaure shi. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Mushe," haka take kirana in tana son ta rage mini tsawo, "ni da na ɗaure shi ni za ni hwara cinye shi? Gobe a ce dama ma kaina nike kiwo."

Na kai maganar gaban ƴan komite ba da saninta ba. Shugaba ya yi hawaye, kuma na yarda hawayen gaske ne, don yana girmama ta. Amma ya ce akwai waɗanda suka riga ta zuwa. In aka sayar dominta, me za a ce musu? In kuma aka raba wa kowa da kowa, rabon mutum ɗaya ba zai kai shi ko'ina ba. Don haka adalci shi ne kada a ba kowa, a jira. Tela ya sunkuyar da kai yana wasa da zaren rigarsa. Na ce a jira me, aka ce a jira Layya. Na fita ban yi sallama ba. Albashina ba ya ganin tsakiyar wata, kuma abin da dangi za su iya haɗawa na riga na san iyakarsa tun zamanin mijinta. Tsoro ya kama ni sosai, don matar nan ita ta goye ni da mahaifiyata ta rasu.

Wata safiya sai Asusu ya ƙi cin abinci. Cikinsa ya kumbura kamar tulu, ya tsaya yana nishi yana zubar da yawu. Kafin hantsi gidan Gwaggo ya cika, har da waɗanda ba su leƙo ba ranar da mijinta ya rasu. Mai duba dabbobi na garinmu ya zo ya buga cikin ya ce a kai shi Maraɗi wurin babban likitansu. Komiten da ke ɗaukar wata guda kafin ya haɗu ya zauna a tsaye nan tsakar gida. Aka ajiye hula, kuɗi suka yi ta zuba, shugaba da kansa ya cika sauran. Kafin azahar ga kamiyo, babbar motar kaya, a ƙofar gida, an shimfiɗa masa yashi da kara a baya don kada ya ji girgiza. Tun da aka kafa ƙungiyar nan ba mu taɓa kai mara lafiya cikin irin wannan gata ba.

Sai dai bijimi ya ƙi hawa. Ƙarti suka ja, suka tura, ya kafe. Sai da Gwaggo ta hau ta zauna a kan kara ta kira shi, sannan ya bi ta. Aka ce to dole ta raka shi. Ni kuma na ce dukiya ba ta fita gari ba tare da mai bincike ba, ba wanda ya musa. Haka muka kama hanya, ni a gaba kusa da direba, mutane na bin mu da addu'ar Allah ya ba shi lafiya. Ta madubi ina hango ta, ta rungume wuyansa da hannun hagu, na daman a naɗe a ƙirji, duk ramin da muka faɗa sai ta runtse ido.

Likitan dabbobi bai wani daɗe ba. Ya tambayi abin da yake ci, Gwaggo ta fara lissafi, ya ɗaga hannu ya ce ya isa. Ya ce ba wata cuta, ƙoshi ne, an ɗura masa wake fiye da kima. Aka ɗaga kansa aka ba shi wani magani a kwalba, aka ce a zagaya da shi. Can sai ya yi wata gyatsa da ta kori kajin unguwar, bayanta kuma ya saki abin da ya fi gyatsa. Cikin ya sace. Likita ya ce a bar shi ya huta zuwa la'asar.

Nan na ce wa Gwaggo tunda ga mu a Maraɗi, kuma haƙuri ya zama dole, mu leƙa asibiti. Ta ce ba abin da ya kawo ta ke nan ba. Na kira ɗiyarta da ke aure a garin, muka haɗu muka sa ta gaba. Likitar da ta duba ta mace ce, ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce ciwon ne, ya yi nisa amma bai gagara ba tukuna, sai dai Yamai, kuma cikin kwanakin nan, ba bayan kaka ba, ba bayan Layya ba. Gwaggo ta gyara gyalenta ta ce to an gode, ta tambaye ni ko la'asar ta yi, kada a bar dabba da ƙishirwa.

Na ce su wuce gidan ɗiyar ta huta, ni zan je in ba shi ruwa. Na je na ba shi ruwa. Sannan na ce wa direba ya juya mu nufi kara, kasuwar shanu. Ya dube ni, ya ce shi dai kuɗin komawarsa na nan ko da kaya ko babu, na ce suna nan. Bijimin da ya ƙi ƙarti a garinmu sai ga shi ya bi ni salin-alin, wataƙila ya saba da mintsinina. Dillalai suka yanyame mu tun kafin ya sauka. Ban iya ciniki ba, amma ranar ba a buƙaci iyawata ba, masu saye ne suka yi ta faɗa a tsakaninsu. Wani mahauci ya yi rinjaye. Na ƙulle kuɗin a cikin hulata, na tafi na zube su gaban Gwaggo da ɗiyarta, na faɗi abin da na yi.

Gwaggo ba ta yi ihu ba. Ta dubi kuɗin ta kau da kai.

"Ka kashe mini ƙungiya," ta ce.

"Na ji, Gwaggo. Gobe da sahe akwai mota."

Da safe ta shiga motar Yamai da ɗiyarta, ba ta dube ni ba ko sau ɗaya.

Da muka shigo Madarumfa da kamiyo fayau, jama'a suka ɗauka ya mutu a hanya. Aka fara yi mini ta'aziyya, wani tsoho har ya riƙe hannuna yana cewa dukanmu can za mu. Da na ce sayar da shi na yi, sai ya fizge hannunsa. An zage ni ranar zagin da ban san garinmu na da shi ba. Wanda ya fi yi mini ciwo ba zagi ba ne. Mijin matar nan mai gyambo ne ya tsaya a gefe, da aka watse ya matso ya tambaye ni, su fa? Bijimin ya yi daraja, bayan an ware na Gwaggo akwai saura, da shi muka tura matarsa da wani dattijo guda. Dattijon ya dawo da ƙafarsa. Matar an ce mun makara da ita, kuma na san a wace rumfa lokacinta ya ƙare, rumfar Asusu.

A taron da ya biyo baya shugaba ya yi bayani cewa bara ƙungiya ta kai ƙarfin da ba ta taɓa kaiwa ba, bana kuma ta karye, kuma kowa ya san dalili. Aka tuɓe ni daga bincike, abin da bai dame ni ba tunda ba sauran abin mintsina. Harawa ta ci gaba da zuwa na ɗan lokaci, don ƙafafun mutane sun saba da hanyar, tana taruwa a gindin turke ba mai ci, daga baya ta ɗauke. Tela ya nemo wani gwangwanin. Yanzu in ka girgiza shi wani lokaci ka ji ƙara, wani lokaci shiru.

Gwaggo ta yi watanni a Yamai. Ta dawo bayan an gama girbi, ta rame har na kusa kasa gane ta, ɗankwali ya zauna mata a kai ba gashi a ƙarƙashi, rigarta ta faɗa a gefen dama. Amma da ƙafarta ta sauko daga mota. Na bari sai da masu sannu da zuwa suka ragu, sannan na shiga na durƙusa na gaishe ta. Tana zaune a bakin rumfar da babu kowa a ciki. Ta amsa a taƙaice. Na tambayi jiki, ta ce da sauƙi. Na ɗauka faɗan da ta ajiye mini ne zai fito, na shirya masa.

"Wa ya saye shi?" ta ce. "Manomi?"

Na so in ce manomi. Da na faɗa za ta yarda, ko ta yi kamar ta yarda.

"Mahauci ne, Gwaggo."

Ta gyaɗa kai a hankali, tana kallon ƙasa.

"Ya yi kitse?"

Na ce na koma Maraɗi daga baya na haɗu da mahaucin, ya rantse mini bana bai feɗe mai kitsensa ba.

"To, alhamdu lillahi," ta ce. "Ban yi aikin banza ba."

Sai ta ja bakin gyalenta ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Na zauna nan a ƙasa kusa da ita har ta gama.